Ranar da Sarkin Karo Ya Yi Kira

A shekara ta goma sha ɗaya da sarautar Sarki Ranau na Gabaru, damina ta yi wa ƙasar Kogin Wardi rowa. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba. Kowa ya mai da ransa ga noman rani, noman rani kuwa sai da ruwan Madatsa, ruwan Madatsa kuma ba a samunsa sai ta ƙahon bijimi.

Ga yadda abin ya samo asali. Garuruwa shida ne ke shan kogin nan, kakanninsu kuwa sun shekara talatin suna kashe juna a kansa, har ran da suka duba suka ga gonakin da ake faɗan dominsu babu sauran masu noma su. Sai suka taru a gindin Madatsa suka yi rantsuwa cewa mutum ba zai ƙara zub da jinin mutum a kan ruwa ba, dabba ce za ta yi faɗan. Kowane gari ya riƙa kiwon bijimin ɓauna guda a hannun mai sarautar da ake kira Sarkin Karo. Da kaka bijiman kan zaga filayen garuruwan, kowane ya kara da kowane, wanda ya ture ɗan'uwansa waje da da'ira a sa masa zoben tagulla a ƙaho. Biyun da suka fi zobba su ke haɗuwa a Filin Rantsuwa, kuma a can babu da'ira, babu turewa. Wanda ya ci, garinsu ake fara buɗe wa ƙofar ruwa. Wanda aka ci, in ya mutu a fili bai juya baya ba, garinsu ne na biyu. In kuwa ubangidansa ya kira shi don ya fito da ransa, garin ya koma na shida. A shekarar wadata na shida ma yakan sami abin jiƙa albasa, shi ya sa ba a ɗauki kira abin kunya ba. Amma bana masu auna Madatsa sun ce ruwan ba zai wuce ƙofa ta uku ba.

Sarkin Karon Gabaru wani tsoho ne mai suna Tunau, gajere, mai ƙarancin magana, wanda ya fi sanin halin dabba da na mutane. Bijiminsa Hadari, baƙi wuluk, shekara huɗu a jere yana kawo wa Gabaru ƙofar farko. Sai dai ba Tunau ne ya rene shi ba. Ɗansa Mantau ne ya tsinto shi a kurmi yana ɗan maraƙi kusa da gawar uwarsa, ya saɓo shi a kafaɗa har gida, ya riƙa ba shi fura da nono a ƙwaryar da shi kansa yake sha. Kuma shi ya koya masa kira. A al'adar karo, mai reno kan tafi daji da maraƙi su biyu, ya koya masa kiran fita daga faɗa, daga nan ba a sake furta shi sai ranar buƙata, don kada abokan gaba su ji su kwaikwaya. Masassara ta ɗauke Mantau kwana tara kafin karon farko na Hadari. Shi kaɗai ya rage wa Tunau cikin 'ya'ya biyar. Kafin ya cika ya ja kunnen uban kusa da bakinsa ya faɗa masa kalmomin kiran. Tunau ya adana su a zuciya, bai taɓa buƙatarsu ba, gama ba a taɓa kai Hadari ƙasa ba.

Bana Hadari ya samo zobe huɗu, Gatari, bijimin garin Zangau, ya samo biyar, gama shi kaɗai ya ture Hadari waje da da'ira. Saura kwana uku su haɗu, jakadan Zangau ya iso fada da hantsi, ɗauke da gaisuwar al'ada, wato damin ciyawa da curin kanwa don bijimin abokin karo. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye su. Sa'an nan ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan tandun kwalli ya ɗora a kan damin.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ubangijina Sarkin Zangau yana gaishe da ɗan'uwansa. Ya ce a ƙara da wannan, ko Hadari zai buƙata."

Sarki ya sa aka kai baƙo masauki, kana ya juyo ya dubi Tunau.

"Sarkin Karo, me Zangau ta sani wanda ni ban sani ba?"

Tunau ya dafa ƙasa da hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, hakiya ce. Tun tsakiyar damina ta rufe masa idon hagu. Na yi magani har na gaji. Zobban nan huɗu da ido ɗaya ya samo su, ni ke tsai da shi ta inda zai ga abokin karonsa."

"Zai ci Gatari?"

"In Gatari bai san idon ba, Hadari zai ci shi."

"Ga kwalli kuwa a gabanka," in ji Sarki.

Galadima Cindo ya gyara zama. Dattijo ne mai gaskiya, irin gaskiyar da ba ta san lallashi ba, shi ya sa ake girmama shi amma ba a zuwa hira gidansa. Ya ce, "Zaki, a bar ni in faɗi abin da kowa ya gani yake haɗiyewa. Ƙofar farko ta kuɓuce mana. Abin da ya rage shi ne ta biyu ko ta shida, ta shida kuwa bana busasshiyar kwata ce. In Gabaru ta koma can, kafin damina ta zagayo za mu binne ƙananan yara da tsofaffi. Wanda kuma ɗansa ke kukan yunwa ba ya jin rantsuwar kakanni, mashi zai ɗauka. Hadari ya yi wa garin nan hidima da ƙahonsa shekara huɗu, saura ya yi masa da ransa. Sarkin Karo ya tsaya a bakin fili ya rufe bakinsa, shi ke nan abin da Gabaru ke roƙo."

Hakimai suka yi ta gyaɗa kai, kowa na kauce wa idon Tunau. Abin mamaki, Sarkin Yaƙi Nagoma bai ce uffan ba. Nagoma ne fa, wanda ko tari aka yi a Zangau sai ya ce a ɗaura ɗamara, wanda kullum ke ƙorafin cewa sarautarsa ta zama ta riƙon sanda tun da dabbobi suka ƙwace wa maza aiki. Ran nan ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen rigarsa kamar baƙo a gidan surukai.

Sarki ya ce, "Tunau, doka ba ta bar kowa ya tsaya kusa da kai a bakin fili ba, balle in sa dogari ya riƙe ka. Ba ni da abin ɗaure ka sai maganarka. Na san abin da bijimin nan yake a wurinka, ni na yi wa ɗanka salla. Duk da haka ina neman bakinka."

Tunau ya ɗago ya ce, "Bakina naka ne, ranka ya daɗe. Ba zan kira ba."

Kashegari da la'asar yana cikin garke yana goge zobban Hadari da toka, sai ga Sarkin Yaƙi ya shigo shi kaɗai, ba zagi ba makaɗi. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bijimin, ya yi ajiyar zuciya.

Ya ce, "Ina ƙofar gari ranar da Mantau ya shigo da shi a kafaɗa. Muka yi ta yi masa dariya, muna cewa ɗan Tunau ya samo ƙane. Ya ce ai kuwa ƙanen ne."

Hannun Tunau ya tsaya a kan zoben da yake gogewa.

"Galadima mutumin kirki ne," in ji Nagoma, "sai dai bai taɓa binne ɗa ba. Shi ya sa maganar ta yi masa sauƙi a baki. Ni ban zo in sa ka saɓa wa Sarki ba, Allah ya kiyaye. Abin da na zo in faɗa maka shi ne, in ranar ta zo zuciyarka ta fi ƙarfinka, akwai mutum guda a fada da ba zai ga laifinka ba. Ruwa kuma Allah ke bayarwa, ba ta ƙofa ɗaya yake shigowa ba."

Tun da aka tashi daga fada babu wanda ya ambaci sunan Mantau sai shi. Tunau ya ji hawaye sun zo masa, ya riƙe hannun Nagoma ya yi masa godiya. Kaico, mutumin da ke gane ƙaryar bijimi tun daga motsin kunnensa, bai ga komai a fuskar nan ba.

Da safiyar ranar karo matarsa Tabawa ta fito da ƙwaryar nan ta dā, ta dama wa Hadari fura. Al'ada ta hana bijimi ci kafin karo, don haka ta rufe ta da faifai ta ajiye a inuwar rumbu, ta ce in sun dawo. Ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba ko yana da rai, don kunya, ba ta kuwa fara ba bayan ya mutu.

Ta ce, "Maigida, na ji abin da ka yi wa Sarki alkawari, ban ce komai ba. Amma in ka ga za ka karya, ka tuna abu ɗaya. Tun da yaron nan ya tafi, ka taɓa ganin dabbar nan ta waiwaya don wani ya yi mata magana? Igiyarka yake bi, da ƙwaryata."

Tunau ya ce, "Ba zan karya ba. Kalmomin ma suna nan, shi da kansa ya ba ni."

Tabawa ta dube shi, ta shafa goshin bijimin ta koma ɗaki.

Filin Rantsuwa ya cika tun rana ba ta yi zafi ba. Sarakuna shida suka zauna a kan tudu, kowane da hakimansa, jama'a suka kewaye ta ko'ina har saman Madatsa. Mutanen Sarkin Yaƙi suka iso da jakuna ɗauke da naɗaɗɗun tabarmi, suka ce na zaman baƙi ne, suka jibge su a bayan tudun Gabaru. Ungulaye uku suka sauka a kan ƙofar ruwa ta shida, tsofaffi suka nuna wa juna da haɓa. A tsakiya Sarkin Madatsa ya tsaya, wanda ba ɗan kowane gari ba ne cikin shidan, riƙe da farar sandar hukunci. Ya karanto rantsuwar kakanni daga farko har ƙarshe, ya tuna wa masu igiya cewa ba su shiga fili raba faɗa sai bijimin da aka kira ya juya baya. Sa'an nan aka busa ƙaho.

Karon farko na Hadari ne. Ya runtuma da kai ƙasa, suka haɗu, ƙarar ta kai har ƙetaren kogi, Gatari ya ja da baya taku bakwai yana girgiza kai. Mutanen Gabaru suka ɗau sowa. Karo na biyu ma haka, har zobe ɗaya ya fita daga ƙahon Gatari ya gangara cikin ƙura. Tunau ya ji wani abu kamar fatan nasara ya motsa a ƙirjinsa, ya yi maza ya danne.

A na uku Gatari bai zo gaba da gaba ba. Ya karkata, ya zagayo ta hagu, yadda aka kwana ana koya masa. Hadari ya tsaya yana neman sa da idon da ke gani, ƙaho ya same shi a haƙarƙari. Ya juya, Gatari ya sake zagayawa. Haka aka yi ta yi, tsoho na juyawa, saurayi na zagayawa, har jini ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin Hadari, ƙafarsa ta gaba ta karye daga gwiwa. Ya durƙusa, ya miƙe a kan uku. Bai juya baya ba.

Sowa ta mutu, ko a ɓangaren Zangau. Kowa ya san saura karo ɗaya ko biyu, Gabaru ta sami ƙofa ta biyu. Galadima ya miƙe tsaye a kan tudu yana duban Tunau, ya ɗora tafin hannu a kan bakinsa. Tunau ya gan shi. Ya ciji leɓensa har ya ji gishirin jini.

Sai Hadari ya ɗaga kai. Bai dubi Gatari ba. Ya karkata kunne wajen bakin fili, ya mai da shi wancan gefe, ya sake dawo da shi, kamar mai jiran a yi masa magana daga cikin taro. Tunau ya san wannan tsayuwa. Haka yake yi a ƙofar garke kowace yamma, shekara huɗu, a daidai lokacin da Mantau ya saba dawowa daga gona. Tsohon ya ji kamar a karo na biyu ake sa shi ya tsaya yana kallon ɗansa na mutuwa, hannunsa a naɗe. Sarki da Galadima da yaran Gabaru duk suka fita daga kansa.

Ya buɗe baki ya yi kira da iyakar ƙarfinsa: "Taho gida, ƙanena, Inna ta dama!"

Sarkin Madatsa ya ɗaga farar sanda. Wani nishi ya tashi daga tudun Gabaru, kamar an taka garin gaba ɗaya a ciki. Masu igiya suka ɗaura ɗamara suna jiran bijimi ya juya.

Hadari ya kaɗa kunne sau ɗaya. Bai juya ba.

Tunau ya sake kira. Ya sake na uku, yana sirantar da murya, yana jan ƙarshen maganar yadda ya tuna ɗansa na yi in yana kiran awaki, tsoho mai furfura yana kwaikwayon muryar saurayi a gaban sarakuna shida. Babu wanda ya yi dariya. Hadari ya saurara, ya saurara, kana ya sauke kunnuwansa. Kalmomin ne, amma ba mai su ba ne. Ya mai da kansa ƙasa, ya fuskanci inda yake jin takun Gatari, ya ja karyayyar ƙafarsa taku ɗaya gaba. A nan ƙaho ya same shi a wuya, ya faɗi, bai ƙara tashi ba.

Galadima Cindo ya gangaro daga tudu da gudun da ba a san yana da shi ba, rawaninsa na warwarewa. Ya ce, "Sarkin Madatsa, ka gani da idonka! A fili ya mutu, bai juya baya ba. Ƙofa ta biyu ta Gabaru ce!"

Sarkin Madatsa ya ce, "Galadima, da ina da ikon toshe kunnuwan jama'ar nan da na toshe, gama ni ma ina da jikoki. Amma rantsuwa ba ta ce in dabba ta amsa ba, cewa ta yi in an kira. An kira, har sau uku. In na tanƙwara ta yau don tausayinku, gobe wani zai tanƙwara ta don ƙarfinsa. Zangau ce ta farko. Gabaru ta shida."

Tunau bai ji hukuncin ba. Ya riga ya shiga fili, ya zauna a cikin jini, ya ɗora kan Hadari a cinyarsa yana kore masa ƙuda daga makahon idon. Yana nan sai Sarkin Karon Zangau ya zo ya tsuguna kusa da shi. Tsoho ne shi ma, sun shekara ashirin suna karawa, ba su taɓa zagin juna ba.

Ya ce, "Tunau, Allah ya ba ka haƙuri. Ban ji daɗin wannan ci ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Mu ba mu san da idon nan ba, ka iya ɓoyo. Daga gidanku aka aiko mana, tun kafin a gama zagayen filaye. Wanda ya kawo saƙon da zoben Sarkin Yaƙinku ya zo."

Tunau ya ɗaga kai a hankali ya dubi tudun Gabaru. Mutanen Nagoma suna kwance tabarmin nan, māsu na yaƙi suna zubowa daga cikinsu dami dami, sababbin wasawa, suna ƙyalli a rana. Samarin Gabaru, waɗanda yanzu aka gaya musu cewa 'ya'yansu ba za su sha ruwa ba, suna rububin ɗauka. Nagoma na durƙushe gaban Sarki yana magana da hannu biyu, Sarki Ranau ya dubi Galadima, ya dubi busasshiyar ƙofa ta shida, ya kau da kai. Ko sau ɗaya Sarkin Yaƙi bai waiwayo wajen tsohon da ya riƙe wa hannu shekaranjiya ba.

Aka buga tambarin yaƙin da ba a buga ba tun zamanin kakanni. Sarakuna biyar suka miƙe a firgice, jama'a suka watse, mata na kiran sunayen 'ya'yansu. Tunau bai motsa ba. Ya sunkuya ya sa bakinsa a kunnen Hadari, yadda Mantau ya sa nasa a kunnensa, ya faɗi kalmomin a hankali, da muryarsa ta tsoho. Ba ƙarya kuwa ya yi ba. Ƙwaryar tana can a inuwar rumbu, rufe da faifai, Tabawa na zaune kusa da ita tana kore kaji.